Babban Baƙi: Daga Tafiretar En'e Zuwa Injin Rubuta Kod

Rubutun da ya fara kafuwa a Wurno bai san babban baƙi da ƙarami ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da garin ribaɗi ya kuma rasu a cikinsa a 1837, da Larabci ya yi littattafansa da wasiƙunsa, malamai da almajiran zamaninsa kuma suna rubuta waƙoƙin Hausa da na Fulatanci da ajami. A irin wannan rubutu harafi na sauya siffa gwargwadon inda ya faɗo, ko farkon kalma, ko tsakiya, ko ƙarshe, amma babu harafin da ake ɗaga wa kai don ya zo a farkon sunan mutum ko na gari. Idan magatakarda na son girmama suna ko nuna farkon babi, sai ya koma jar tawada, ko ya kaurara alƙalami, ko ya bi sunan da addu'a.

Yau kuwa akwai yarukan kwamfuta da girman harafin farko na suna shi ke yanke hukuncin ko manhaja za ta yi aiki ko za ta tsaya cak. Magina manhaja kan share yini guda suna farautar babban baƙi ɗaya a cikin sunayen da wata manhajar ta rubuta musu. Wanda ya bi sawun abin daga wancan zamani zuwa wannan zai tarar da cewa matsalar da ke ci wa yaran yau tuwo a ƙwarya, akawunan da suka gabace su sun san ta, sun kuma san inda ake yi mata magani.

Da boko ya shigo

Turawan farko da suka zo wannan yanki sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji. Clapperton, wanda ya gana da Muhammadu Bello a 1824, ya rubuta Sakkwato da wani harafi dabam da na Barth, wanda ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Bayan 1903 gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi boko ya zama rubutun ofis, a 1912 kuma Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da shi. Nan take aka ci karo da sautukan da Ingilishi ba shi da su. Da fari ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin k da d da b. A ƙarshen shekarun 1930 ne baƙaƙe masu lanƙwasa suka samu gindin zama ta hannun Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ta kai su lungu da saƙo. Daga ranar kowane ɗayansu ya zama yana da siffa biyu da dole maɗaba'a ta tanada: ƙ da Ƙ, ɗ da Ɗ, ɓ da Ɓ.

Sardauna Ahmadu Bello ɗan wannan tsakani ne. An haife shi a Rabah a 1910, ya yi karatun allo, ya gama Kwalejin Katsina a 1931, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Ofishin hakimi na wancan lokaci rubutu biyu ke haɗuwa a cikinsa: takardun malamai da dagatai na zuwa da ajami ko Larabci, kundin haraji da na jangali da rahoton da za a kai wa Di'o kuma na tafiya da boko. Malamin haraji shi ne gadar da sunan talaka ke bi ya tsallaka daga wannan rubutu zuwa wancan, kuma a hannunsa ne sunayen mutanen Gandi da Rara da Gawakuke suka fara samun babban baƙi a goshi.

A elemantare an koya wa yara ƙa'idar da hadda: farkon jimla, sunan mutum, sunan gari, sunan Allah. Amma duk da haka babban baƙi ladabin rubutu ne kawai. Wanda ya manta shi jan biron malami zai sha, ba abin da zai rushe. Mai karatu mutum ne, yana da hankalin da zai gane cewa goronyo da Goronyo gari ɗaya ne.

Tafireta, kabon da sitansil

Duk wanda ya yi zirga-zirga a sakatariyar ƙaramar hukuma bayan gyaran fasalin 1976 zai tuna ƙarar tafireta tun daga baranda. Injinan daga Turai suke zuwa, irin su Olympia da Imperial, kuma na yau da kullum babu baƙi mai lanƙwasa ko ɗaya a jikinsu. Don haka aikin mai buga tafireta kashi biyu ne. Zai buga takarda da k da d da b tsurarsu, ya zare ta, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauki baƙin biro ya bi layi-layi yana ɗora wa kowane baƙi ƙugiyarsa. Ƙananan ba su da wuya. Babban Ɗ da babban Ɓ su ne ke nuna gwani, domin lanƙwasarsu ta hagu take fitowa, kuma in hannu ya goce sai su koma wani abu dabam. Takardar sama ita ke samun wannan gata. Kofe biyu ko uku da kabon ya fitar a ƙasa galibi haka ake jefa su cikin fayil ba ƙugiya, shi ya sa Ɗanladin da ke takardar hannunsa yake zama Danladi a ajiyar ofis. Wasu kuma suka ɗauki hanyar sa waƙafi a sama, suna buga k'asa da d'aya, don su huta da biro.

Inda darasin yake shi ne wajen sitansil. Idan za a raba takardar kiran taro ga manoman fadamar Wurno, ko jarrabawar ƙarshen zango ga makarantun firamare, ba a buga ta sau ɗari uku. Akan janye ribon tafireta a buga a kan sitansil, baƙaƙen su huda kakin da ke jikinsa, a ɗaura shi a injin gurza takarda na Gestetner, masinja ya riƙa juya hannu takardu na zubowa. A nan ba a jiran takarda ta fito kafin a sa ƙugiya. Da wani alƙalamin ƙarfe mai tsini ake karce ta a jikin sitansil, sai ta fito a kowane kofe. In an yi kure, akwai wani jan ruwa mai wari da ake shafawa ya toshe hudar, a jira ya bushe, a sake bugawa.

Sabon ma'aikaci in ya ga kure a takardun da aka riga aka gurza, abin da zuciyarsa ke fara ba shi shi ne ya jawo kujera ya bi su ɗaya bayan ɗaya da biro. Tsohon akawu kan bar shi ya yi goma ko ashirin, sannan ya ɗago kai ya ce, "Kai yaro, aje biron ga. Gobe in an ce a ƙaro ɗari, mi za ka yi? Ɗauko sitansil." Yaron ya ce, "To, Baba," ya tashi. Babu wata ƙa'ida da maginin manhaja na yau yake buƙata a wannan babi da ta wuce wannan.

Baƙaƙe ashirin da shida

Kwamfuta ta zo da nata gadon. Tsarin ASCII na Amurka, wanda ya ba kowane harafi lamba, ya fito a 1963 da manyan baƙaƙe zalla, sai a 1967 aka ƙara ƙanana. An jera su da dabara: babban A lamba 65, ƙaramin a lamba 97, tazarar 32, kuma haka tazarar take har zuwa z. Saboda haka mayar da ƙaramin baƙi babba ya zama lissafin ɗan aji biyu: debe 32. Dubban manhajoji aka gina a kan wannan lissafi, kuma duk sun ɗauka cewa baƙaƙen duniya 26 ne.

Hausawa ba su zauna jira ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon rubutu na Rabi'at, wanda ya ɗora baƙaƙe masu lanƙwasa a kan maɓallan da Hausa ba ta amfani da su. Ya yi wa marubuta da maɗaba'u da ɗalibai babbar rana. Sai dai a cikin cikin kwamfuta alamar nan ba ta sauya ba, rigarta kawai aka sauya. Da an kai fayil wata kwamfutar da ba ta da salon, sai ƙasa ta koma }asa, waɗanda ta koma wa]anda. Umarnin mayar da rubutu manyan baƙaƙe kuma tsallake su yake yi, domin a wurinsa ba haruffa ba ne, alamomi ne. Wasu suka bi ta q da x da v a madadin ƙ da ɗ da ɓ, dabarar da har yau ake gani a kundayen ɗalibai da saƙonnin waya. Ita dai tana da fa'ida ɗaya: lissafin 32 na aiki a kanta.

Tsarin Unicode ya ba baƙaƙenmu lambobinsu na kansu tun farkon shekarun 1990, amma bai jera su yadda tsohon lissafi zai kama su ba. Babban Ƙ lamba 408, ƙaramin 409. Babban Ɗ 394, ƙaramin ɗ can 599, tazarar 205. Babban Ɓ 385, ƙaramin ɓ 595. Babu debewa ɗaya da za ta yi wa dukkansu, dole sai manhaja ta duba jadawali. Wadda aka koya wa duba jadawalin tana fitar da Ɗahiru daidai. Wadda ta tsaya a tsohon lissafi sai ta bar shi ɗahiru, ko ta mayar da harafin alamar tambaya. Ko wayar hannu da ta shigo a 2001 ba ta taimaka ba: saƙon tes na ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ guda ɗaya sai ya koma 70, kuɗin ya ninka. Mutane suka koyi zubar da ƙugiya don tsimin kati.

Sai kuma zamanin rajista: BVN a 2014, haɗa layin waya da NIN daga ƙarshen 2020, katin zaɓe, jarrabawar JAMB a kwamfuta. Sunan manomin Takakume ko na Dinawa ya shiga rumbuna da dama, kowanne da dokar da yake tankwara suna da ita. Layukan ƙasan fasfo da inji ke karantawa manyan baƙaƙen A zuwa Z kawai suke karɓa, hamza kuma zubar da ita ake yi, Sa'idu ya zama SAIDU. Idan wani ma'aikaci ya so ya kyautata, ya ce wa Excel ta mayar da jerin sunaye salon babban baƙi a farko, sai ta ɗaga duk harafin da ya biyo bayan alama, ya samu Sa'Idu da Sa'Adatu. Ita kuwa 'y tamu ta Nijeriya tarko biyu gare ta. Dokar da ke cewa a ɗaga harafin farko kawai takan tarar da hamza a gaba, ta bar 'yan yadda yake. Dokar da ke ɗaga harafi bayan kowace alama takan gyara 'Yan, ta ɓata 'Ya'ya ya koma 'Ya'Ya. Maƙwabtanmu na Nijar da suke rubuta ƴ da Ƴ sun tsallake wannan rami.

Manhaja mai rubuta manhaja

Lokacin da mai POS a kasuwar Acida ya zura kati, na'urarsa na magana da kwamfutar banki ta wata ƙayyadaddiyar ƙofa. Wannan ƙofa ita masu sana'ar ke kira API. Kowace ƙofa tana da takardar bayani: ga abin da za ka aiko, ga sunan kowane gurbi, ga amsar da za ka samu. A da, maginin manhaja zai karanta takardar da idonsa ya rubuta kod ɗin da hannunsa, ya raɗa wa kowane abu suna yadda ya ga ya dace. Daga baya aka ce, tunda bayanin a tsare yake, me zai hana inji ya karanta shi ya rubuta kod ɗin da kansa?

An yi haka da tsarin bayani na WSDL a farkon shekarun 2000. A 2011 Tony Tam na kamfanin Wordnik ya fitar da Swagger. Kamfanin SmartBear ya saye shi a 2015, a Nuwamban shekarar kuma aka miƙa tsarin bayanin ga wata gamayya ƙarƙashin Gidauniyar Linux, ya koma OpenAPI, wanda zubinsa na 3.0 ya fito a Yulin 2017. A Mayun 2018 wasu daga cikin masu kula da injin rubuta kod na Swagger, ciki har da William Cheng, suka ɓalle suka kafa OpenAPI Generator. Yau takardar bayani ɗaya na iya haifar da kod a yaruka gommai cikin daƙiƙa kaɗan.

A cikin kod ɗin akwai abin da ake kira aji, wato fom mai suna da ke bayyana wani nau'in abu: ajin Manomi yana da gurbin suna da na ƙauye da na girman gona. Sunan aji ba ya ɗaukar fili a tsakani, don haka ake manne kalmomin a ɗaga harafin farko na kowace, kamar KatinManomi. Turawa na kiran wannan salon raƙumi, saboda tozon da ke tasowa a tsakiya. A Java al'ada ce mai ƙarfi, kuma dole sunan aji na fili ya yi daidai da sunan fayil ɗinsa har girman baƙi. A Ruby doka ce: sunan aji da ƙaramin baƙi ba ya karɓuwa. A yaren Go na Google, wanda ya bayyana a 2009, sunan da ya fara da babban baƙi ne kaɗai ake iya gani daga waje, mai ƙarami kuwa ɗan cikin gida ne. Ma'ana, sunan da aka rubuta da ajami tsantsa ba shi da hanyar leƙowa waje a wannan yare, sai an jingina masa babban baƙin boko a gaba.

Matsalar ita ce inji ba ya san ma'anar suna, doka kawai yake bi: yanka a inda ka ga alama, zubar da abin da ba ka sani ba, ɗaga harafin farko, manne.

A ce ƙungiyar manoman rani

Mu ɗauki misali. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka ƙaddamar a 1992, na iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 942, kuma dubban masu noman shinkafa da albasa da tafarnuwa a kwarin Rima da ita suka dogara. A ce wata ƙungiyarsu ta sa wani matashi ya gina mata manhajar rajista da rabon taki. Yaron mai kishin harshe ne, sai ya rubuta takardar bayanin da Hausa. Ya kasa ƙofofin gida uku, manomi da ƙauye da 'yan kasuwa, ya kuma yi fom mai suna bayanin_NIN. Ya kunna inji.

Na farko ya fito lafiya, ManomiApi. Na biyu ya fito AuyeApi, domin injin, in ba a buɗe masa zaɓin karɓar haruffan Unicode ba, share duk abin da ya fita daga baƙaƙe 26 da lambobi yake yi. Na uku ya zama YanKasuwaApi, hamza ta tafi. Na huɗu kuwa ya danganta da injin da aka yi amfani da shi: wani ya ba da BayaninNIN, wani BayaninNin. A nan ko Turawan ba su daidaita ba. Ƙa'idar Google ta rubuta Java ta ce a ɗauki gajeren suna kamar kalma, a ɗaga harafin farko kawai. Mutanen Go sun ce a bar shi duka manya. Microsoft ta raba gardama: mai harafi biyu a bar shi manya, mai uku zuwa sama a mayar da shi kalma. Shi ya sa sanannen sunan nan XMLHttpRequest, wanda ke cikin kowace burauza, ya haɗa salo biyu a jiki ɗaya.

In yaron ya yi yunƙurin sa ƙ a sunan fom ɗin kansa, zai ci karo da ƙa'idar OpenAPI ta 3.0, wadda ta ce sunayen da ke rumbun fom-fom ba za su wuce baƙaƙen a zuwa z manya da ƙanana, da lambobi, da aya, da karan ɗori, da layin ƙasa ba. In kuma ya bar wata amsa ba suna, injin zai raɗa mata na kansa, irin su InlineResponse200, sunan da ba ya gaya wa kowa komai.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan cin rai. Windows, da Mac a yadda take zuwa, ba sa bambanta fayil mai suna BayaninNIN da mai suna BayaninNin. Linux, wadda yawancin uwayen garke ke gudana a kanta, tana bambantawa. Sai yaro ya sauya girman baƙi biyu, komai ya yi aiki a kwamfutarsa ta cinya, a ɗora a uwar garke abu ya ƙi tashi, ranar da motar taki ta iso mutane na layi. Haka nan in takardar bayani na da gona da Gona a matsayin abu biyu, injin zai mayar da su suna ɗaya, ɗayan ya danne ɗayan.

Inda ake gyara

Abin da zuciya ke fara ba mutum shi ne ya buɗe fayil ya mayar da AuyeApi yadda yake so da hannu. Zai yi aiki yau. Ranar da aka ƙara gurbi ɗaya a takardar bayani aka sake kunna inji, gyaran ya bi ruwa, an koma gidan jiya. Shi ya sa irin waɗannan fayiloli kan zo da gargaɗi a samansu cewa kada a taɓa su da hannu. Wannan shi ne bin takardu da biro.

Gyara mai ɗorewa hawa-hawa ne. Na farko, in takardar bayanin taka ce, gyara ta: ba kowane fom suna tun daga tushe, da salon da kake son ya fito, ka tsayar da doka ɗaya kan gajerun sunaye irin NIN da BVN, ka rubuta ta inda duk abokan aiki za su gani. Na biyu, in takardar ta wani ce, kamar banki ko hukuma, ba ka da ikon taɓa ta, sai ka ba injin jadawalin musaya: in ka ga suna kaza, rubuta kaza. OpenAPI Generator ya shigo da irin wannan zaɓi na musayar sunayen aji a zubinsa na 7, a 2023, kuma tun zamanin WSDL masu Java na da fayil na gefe da suke yin haka da shi. Na uku, a gyara samfurin da injin ke zuba kod a ciki. Na huɗu, in laifin na injin ne kansa, a kai ƙara wurin masu shi tare da misalin da ke nuna kuren, tunda yawancin waɗannan injina a buɗe suke ga kowa. Kuma kowanne aka zaɓa, sauya sunan aji na karya kod ɗin duk wanda ya riga ya dogara da tsohon sunan, don haka ba a yin sa a ɓoye. Akan sanar, a ba mutane lokaci.

Hawa na huɗun nan shi ne muka fi sakaci da shi, alhali shi ya fisshe wasu. Turkawa na da i iri biyu, mai ɗigo da marar ɗigo, kuma babban i mai ɗigo a wurinsu İ ne. Shekara da shekaru manhajojin Java na rikicewa a kwamfutocin Turkiyya saboda wannan, suka yi ta kai rahoto har ya zama duk maginin kirki ya san dole ya faɗa wa inji dokar harshen da zai bi kafin ya ɗaga baƙi. Ruby ba ta yarda sunan aji ya fara da babban baƙin da ba na ASCII ba sai a zubi na 2.6, a Disambar 2018. PHP ba ta samu ginannen umarnin ɗaga harafin farko mai fahimtar irin su ƙ da ɗ ba sai a zubi na 8.4, a Nuwambar 2024. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Wasu ne abin ya dama, suka rubuta, suka nace.

Suna biyu, hukunci biyu

Abin da wannan dogon tarihi ya koyar shi ne a raba suna biyu da aka daɗe ana cakuɗawa. Akwai sunan cikin inji, wanda maginin manhaja kaɗai ke gani. Wannan ba laifi ya zama KauyeApi ko YAR_TSAKUWA, muddin mutum ne ya zaɓe shi da saninsa ya rubuta shi a tushe, ba inji ne ya guntule shi ba. Akwai kuma sunan mutum da na garinsa, wanda zai fito a kati da rasit da allon waya. Wannan amana ce. A karɓe shi yadda mai shi ya faɗa, a ajiye shi da ƙugiyarsa da hamzarsa, kada a bi da shi ta kowace dokar ɗaga baƙi. Mazaɓar 'Yar Tsakuwa ta ƙaramar hukumar Rabah ta ci gaba da zama 'Yar Tsakuwa a idon mutanenta, ko me injin ya kira ta a cikinsa. Yawancin wahalar da mutane ke sha ta rashin daidaituwar suna tsakanin wannan rumbu da wancan, daga inda aka yi wa sunan mutum hukuncin sunan inji take farawa.

Yanzu uzurin da mai tafireta yake da shi ya ƙare. Baƙaƙen suna nan a Unicode, allon rubutu na waya na da su, manyan yarukan kwamfuta sun san su. Abin da ya rage shi ne masu ba da aiki su nema, masu koyarwa su koyar. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da masana Hausa da masana kwamfuta a harabar da ta haɗa su, kuma abin da ɗayan ɓangaren ya sani game da 'y da hamza shi ne ɗayan ke buƙata kafin ya rubuta dokar ɗaga baƙi. Ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma da za ta karɓi sabuwar manhaja kuwa ba ta buƙatar ƙwararre kafin ta gwada ta. A shigar da Ɗahiru da Sa'adatu da Ɓaidu, a sa garinsu 'Yar Tsakuwa, a buga rasit. In sun fito yadda aka shigar da su, a biya mai aiki. In ba su fito ba, a ce ya koma ya gyara daga tushe, a sake kunna injin a gaban kowa, a kuma bugawa.